Digiri biyu a kusurwar tanderu

Ka ɗauko ƙananan sassan fiffiken jirgin sama guda biyu, ɗaya an gasa shi daidai, ɗayan kuma zafi ya wuce masa da 'yan digirori, ka ajiye su a kan tebur. Babu injiniyan da zai nuna maka lalataccen da ido. Launi ɗaya, nauyi ɗaya, tsawo da faɗi duk ɗaya. Ɓarnar tana can cikin jikin ƙarfen, kuma ba ka ganinta sai ka yanka shi, in ka yanka kuwa ka rasa shi. Shi ya sa a ƙirar jiragen sama ba a jira sai an gama gashi sannan a duba kaya. Gashin kansa ake tsarewa. Aikina ke nan a wani ƙaramin kamfani da ke tsakiyar Ingila, cikin ɗimbin kamfanonin da ke yi wa manya aikin sassa. Manyan su ne irin su Airbus da ke haɗa fikafikai a Broughton ta arewacin Wales, da Rolls-Royce mai ƙera injuna a Derby. Mu namu shi ne gasa alminiyom, ni kuma nawa shi ne in sa hannu a kan cewa an gasa shi bisa ƙa'ida.

Yawancin abin da ke shiga tanderunmu alminiyom ne mai lamba 2024 da mai lamba 7075. A kan 2024 zan tsaya, don shi ne ya hana ni barci. Alminiyom ne da aka gauraya da tagulla kimanin kashi 4 cikin 100, da ɗan magniziyam. Ana kai shi digiri 493 a ma'aunin Salshiyos, a bar shi har tagullar ta baje a jikinsa ba tare da ƙarfen ya narke ba, sannan a tsunduma shi cikin ruwa nan take don kada ta sami damar sake taruwa. Wanda ya taso yana kallon maƙera zai ɗauka ya san labarin: a kai bakin gatari wuta ya yi ja, a tsoma a ruwa, ya fito da tauri. Alminiyom akasin haka yake. Da laushi yake fitowa daga ruwa, ana iya lanƙwasa shi yadda ake so, sai ya riƙa taurara da kansa a ajiye, cikin kwana huɗu ya kai ƙarfinsa. Wani Bajamushe, Alfred Wilm, shi ya gano wannan hali a 1906. Saboda haka ne muke da manyan firizoji a gefen tanderu. Abin da ba a shirya lanƙwasawa ba tukuna sai a sa shi a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, ya iya jira har kwana 30 bai taurara ba.

Matsalar 2024 ita ce ƙuncin fili. A wajen digiri 502 wasu gurabe a cikinsa, musamman kan iyakokin ƙwayoyin ƙarfen, sukan fara narkewa. Idan zafi ya gaza, akwai dabara, ana iya sake gasawa, ko da yake shi ma yana da iyaka. Idan ya wuce har aka fara narkewa, magana ta ƙare. Babu gashin da zai mayar da shi, kuma daga irin waɗannan guraben ne tsaga ke somawa bayan jirgi ya yi shekaru yana tashi yana sauka.

Littafin da ke mulkin tanderu a wannan sana'a shi ne AMS2750, na ƙungiyar SAE ta Amurka. Ya kasa tanderu aji shida gwargwadon yadda zafinsa ke daidaita a ko'ina cikin cikinsa. Aji na ɗaya bai wuce digiri 3 sama ko ƙasa ba, na biyu digiri 6, a haka har zuwa na shida mai digiri 28. Namu na aji biyu ne. Wato idan aka saita shi a 493, babu inda aka yarda ya haura 499 ko ya gaza 487. Tanderun a sama yake tsaye, ƙofarsa a ƙasa, tankin ruwa na ƙarƙashinsa. Idan lokaci ya cika ƙofar ta buɗe, kwandon kaya ya sulale cikin ruwa da wata ƙara da baƙo kan zabura idan ya ji.

Sau ɗaya a wata muke yi masa babban gwaji, wanda a wurin aiki ake ce wa TUS. Ana shigar da wani firam na ƙarfe mai girman wurin da kaya ke zama, an ɗaure masa wayoyin awon zafi tara, takwas a kusurwoyi, ɗaya a tsakiya. Kowace waya da takardar shaidarta da ke faɗin kuskurenta, na'urar da ke karanta su ita ma da tata. Ana ɗaukar karatu aƙalla duk minti biyu, kuma bayan zafi ya zauna sai an ƙara minti 30 ana rubutawa. Aiki ne mai gundura. Yawanci shayi ake sha ana kallon lambobi.

A gwajin da nake ba da labari, wayoyi takwas suka zauna inda aka saba ganinsu. Ta bakwai, wadda ke kusurwar sama ta baya, ta kai 499 ba ta tsaya ba. Ta taɓa 500, ta hau 501, ta yi zamanta a nan. Allon tanderun kuwa 493 yake nunawa, ko gezau. Allon bai yi ƙarya ba. Labarin wurin da wayarsa take kawai yake bayarwa, kuma wayarsa ba a wannan kusurwa take ba.

Abin da kowa ke fara faɗa a irin wannan lokaci shi ne wayar gwajin ce ta lalace. Ni ma na so a ce haka ne. Amma ƙa'ida ba ta yarda a yi watsi da wayar kusurwa ba, kuma waya mai ba da karatu a natse, ba tsalle ba yankewa, ba ta yi kama da lalatacciya ba. Muka bar tanderun ya huce, muka sa sabuwar waya a wurin, muka sake. Amsa ɗaya. Na rataya jan kati a jikin allon, na karɓi makullin.

Manajan samar da kaya ya sauko daga ofis kafin in gama rubuta katin. Mutumin kirki ne, amma yana da motoci da za su zo ɗaukar kaya, kuma shi ake kira a waya idan ba su samu ba. Ya ce, "Digiri biyu ne fa kawai. A sauke saitin mana, a ci gaba." Ba shirme ya faɗa ba, don ƙa'ida ta yarda a ɗan matsa saiti, da iyaka kuma a rubuce. Sai na nuna masa kusurwar ƙasa ta gaba, wadda ke kan 488. Tsakanin mafi zafi da mafi sanyi digiri 13 ne, filin da aka ba mu gaba ɗaya kuma 12 ne. Duk inda ka matsa saitin, ɗaya daga cikinsu zai faɗa waje. Ko da ma lissafin ya yarda, gyaran gobe ba ya warkar da kayan da aka gasa jiya. Ya yi shiru, ya koma sama ya fara buga waya.

Na biyu da na hana su ne masu gyara. Suna jin labari suka zo da akwatunan kayan aikinsu za su buɗe. Na roƙe su kada su taɓa ko ƙusa ɗaya sai mun auna tanderun a halin da yake a digiri 466, zafin da muke gasa 7075. Da zarar an gyara, shaidar abin da kayan baya suka fuskanta ta tafi ke nan. Sai da muka ɗauki wannan awon sannan aka buɗe. Laifin bai ɓuya ba. Wani farantin ƙarfe da ke karkata iskar fanka ya kwance a gefe ɗaya, ya sunkuya, yana tura iska mai zafi kai tsaye zuwa kusurwar nan.

Gyaran rabin yini ne. Wahalar tana baya. Ƙa'ida ta ce idan tanderu ya faɗi gwaji, duk abin da ya shiga cikinsa tun daga gwajin ƙarshe da ya ci abin tuhuma ne. Wata guda cur ke nan na kaya.

Na baje takardun watan a kan babban tebur. Kowane lodi yana da zanen zafinsa, layi miƙaƙƙe a kan 493, gwanin kyau. Ƙaramin gwajin mako-mako da ake ce wa SAT, inda ake sa wata waya kusa da ta tanderun a ga ko sun yi daidai, duk an ci shi. Amma waɗannan takardu duka a kan waya ɗaya suke magana, wadda ba ta da laifi. Haka ma 'yan guntayen gwaji da muke ratayawa a kowane lodi don a auna taurinsu daga baya: a tsakiyar kwando ake rataye su, inda zafi lafiya lau yake. Ga takardu tuli, babu wadda ta amsa tambayar da ke gabana, wato wane kaya ne ya zauna a wannan kusurwa, kuma me ya same shi.

Wanda ya cece mu wani dattijo ne mai aikin dare, wanda ya fi kowa daɗewa a gaban tanderun. Babu takardar da ta umarce shi, amma al'adarsa ce ya ɗauki hoton kowane kwando da wayar kamfani kafin ya tura shi sama. Ya ce tun wata rigima da aka taɓa yi da shi a kan kayan da suka lanƙwashe ya ɗauki wannan ɗabi'a. Da hotunansa muka gane lodin da kayansu ba su ko kusanci kusurwar ba, da waɗanda aka cika maƙil har baki. Lodin rana kuwa babu hoto, don haka dole muka ɗauke su duka a kan mafi munin zato.

Littafin masu gyara ya kawo wata jarrabawar. A tsakiyar watan sun shiga tanderun saboda fanka na ƙara, sun cire farantin nan, sun mayar. Ba su gaya wa sashenmu ba, don a ganinsu ƙaramin aiki ne. Nan da nan aka fara cewa ai ga ranar da matsala ta fara, a raba watan biyu, a saki kayan farko. Ni ma na fi zaton haka abin ya faru. Amma zato daban, shaida daban. Wa ya ce ba sunkuyawar farantin ce ta jawo ƙarar tun farko ba? Na rubuta ranar a rahoto a matsayin bayani, na bar watan gaba ɗaya cikin tuhuma. Wannan shawara ba ta ƙara mini masoya a kamfanin ba.

Sai farautar kaya. Wasu na firiza, wasu na sito, wasu sun tafi wurin masu fenti, wasu kuma sun riga sun isa hannun masu su. Na gida muka manna musu jan kati muka kulle a keji. Na waje kuwa sai wasiƙa, kuma ita ce wasiƙar da babu mai son rubutawa: ga lambobin kaya, ga ranaku, ga abin da muka gani, ku dakatar da su. Wani abokin aikina ya so mu jira sakamakon ɗakin gwaji tukuna, wai kada mu tayar da hankali a banza. Ban yarda ba. Ƙaramin sashi da ke kan shiryayye yau, jibi yana iya zama cikin fiffike an rufe shi da ƙusoshi, kuma ciro shi a lokacin ya ninka kuɗinsa sau ba adadi.

A ɗakin gwaji aka fara da abin da ba ya ɓata kaya: awon tauri, da awon yadda ƙarfen ke ɗaukar lantarki, wanda ke nuna ko gashi ya kama. Duka suka fito cikin iyaka. Wannan bai kwantar mini da hankali ba, don narkewar da ta fara kaɗan tana iya wucewa ta gaban waɗannan gwaje-gwaje ba su gan ta ba. Dole aka sadaukar da kaya na gaske daga waɗanda suka fi kusa da kusurwar. Ana yanko ɗan guntu, a dasa shi cikin roba, a goge har ya zama madubi, a shafa masa ruwan asid na Keller, a sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma ninki 500. Abin da ake nema shi ne wasu 'yan dunƙule-dunƙule masu kama da fure a cikin ƙwayoyin, da iyakokin da suka yi kauri kamar an bi su da alƙalami. Na zauna kusa da masaniyar ƙarafan da ke dubawa, tana matsar da guntu a hankali, ni kuwa kowane ɗigon datti sai in ga kamar shi ne. Ba ta sami narkewa ko ɗaya ba.

Duk da haka ba mu ke da ikon cewa a yi amfani da kayan ba. An gasa su a tanderun da ya fita daga ajinsa, don haka hukunci na injiniyoyin da suka zana jirgin ne. Muka aika musu komai, har da hotunan dattijon. Suka karɓi mafi yawa da takardar izini na musamman. Lodi ɗaya na wasu siraran maɗaurai, da aka cika har kusurwa kuma babu hotonsa, suka ce a zubar. Zubarwar ma da tsarinta: sai an datse kowane ɗaya da almakashin ƙarfe a gabana, don kada wani ya tsince shi a bola ya dawo da shi kasuwa.

Mai karatu na iya cewa wannan tsanani ya yi yawa a kan abin da a ƙarshe ba a ga aibinsa ba. Masu wannan sana'a suna da dalilinsu. Kamfanin Sapa Profiles da ke Portland a jihar Oregon ya shafe shekara 19, daga 1996 zuwa 2015, ana sauya sakamakon gwajin ƙarfin alminiyom ɗin da yake sayarwa. Hukumar NASA ta danganta faɗuwar rokokinta biyu, na 2009 da na 2011, da kayan wannan kamfani, asarar da ta haura dala miliyan 700. A 2019 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 46. A 2017 kuma Kobe Steel na Japan ya amsa cewa an yi ta sauya bayanan ingancin alminiyom da tagullar da yake fitarwa. Irin wannan ba ya farawa da babbar ƙarya. Daga lambar da ta kusa cin gwaji yake farawa, da mota tana jira a bakin ƙofa.

Aka ɗaure farantin, aka sake cikakken gwaji a mafi ƙarancin zafin da muke aiki da shi da mafi yawansa, aka ci, na cire jan katin. Ba a jima ba lokacin binciken Nadcap ya zo.

Nadcap tsari ne da aka kafa a 1990, cibiyar PRI da ke Warrendale a jihar Pennsylvania ke gudanar da shi. Maimakon Boeing ya aiko nasa mai bincike, Airbus ya aiko nasa, Safran ma haka, sai suka haɗu a kan odita ɗaya da jerin tambayoyi ɗaya. Na gashin ƙarfe shi ne AC7102. Kwana 30 kafin zuwansa dole ka binciki kanka da tambayoyin nan, ka ɗora amsoshin a shafin cibiyar na intanet. Takardar shaidar ta wata 12 ce, mai tarihi mai kyau yana iya samun ta wata 18 ko 24. Wanda ba shi da ita, yawancin manyan nan ba sa ba shi aikin gashi.

Na shirya fayil ɗin faɗuwar gwajin kamar mai zuwa kotu. Oditan, wani tsohon masanin ƙarafa mai ƙarancin magana, ya karanta shi daga farko har ƙarshe, ya yi tambaya biyu: yaushe aka sanar da masu kaya, kuma ina rubutaccen umarnin da ya ce masu gyara su sanar da sashen inganci kafin su mayar da tanderu bakin aiki. Duka biyun suna nan, na biyun sabo fil. Ya rufe fayil ɗin ya ce mu je ƙasa.

A ƙasan ne ya sami abin da ya rubuta mana. Tsakanin fitowar kaya daga zafi da nutsewarsu a ruwa akwai iyakar lokaci, gwargwadon kaurinsu: daƙiƙa 15 ga masu kauri, 10 ga matsakaita, 7 ko ma 5 ga sirara. Ƙirgar tana farawa daga lokacin da ƙofa ta fara buɗewa, tana ƙarewa idan kusurwar ƙarshe ta kwandon ta shige ruwa. Oditan ya tsaya da nasa agogon yana kallon hannun ma'aikacinmu. Shi kuwa sai da kwando ya fara sauka sannan ya danna. Daƙiƙun buɗewar ƙofa ba sa shiga lissafinsa, kuma da aka tambayi sauran, kowa haka yake yi, don takardar umarnin cewa kawai ta yi a auna lokacin tsundumawa.

Kwana 21 ake bayarwa a amsa. Amsar kuma ba haƙuri ake nema ba. Me ka yi nan take, mene ne tushen matsalar, ta shafi kayan baya ko ba ta shafa ba, me zai hana ta dawowa, ina shaida. Duk wanda ya rubuta cewa kuskuren ma'aikaci ne kuma an sake horar da shi, za a dawo masa da takardarsa, kuma ina ganin daidai ne. Idan mutum huɗu suna yin abu iri ɗaya, ba mutanen ba ne matsalar. Muka ɗauki bidiyon saukar kwando sau da yawa, muka auna tsawon buɗewar ƙofar, muka ɗora shi a kan mafi tsawon lokacin da aka taɓa rubutawa ga kowane kauri. Duka suka tsaya cikin iyaka, na siraran da ƙyar. Sannan muka karɓe agogon daga hannun mutum gaba ɗaya, aka haɗa shi da makunnin ƙofar, yana tashi da kansa. Injiniyan cibiyar ya dawo da tambaya ɗaya a kan shaidar ingancin sabon agogon, muka aika, wakilan manyan kamfanonin suka duba, takarda ta fito.

Abin da na fi matsawa a kai bayan haka ba ya cikin abin da oditan ya rubuta. Na nemi a dasa wayoyi biyu na dindindin a tanderun, ɗaya a kusurwar da ta fi zafi, ɗaya a wadda ta fi sanyi, su riƙa rubutu a kowane lodi. An taɓa kawo wannan shawara kafin zuwana aka ce tsada. Wannan karon na ajiye kuɗin wayoyin a gefe ɗaya na takarda, kuɗin watan nan a ɗaya gefen, aka sa hannu ba gardama. Guntayen gwaji sun koma kusurwa, hoton kwando kuma ya zama dole ga dare da rana. Ƙaramin tanderun da muke ƙarasa 7075 a cikinsa, wanda ke riƙe kaya awa 24 a digiri 121 don su taurara, har yanzu waya ɗaya gare shi. An ce in sake kawo maganarsa a kasafin baɗi.